Tsoron Shaiɗan ya hana ni barci: yaya Kirista zai tsare kansa kowace rana?

"Baba Fasto, ina gaishe ka cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ni magidanci ne mai 'ya'ya biyu, ina sayar da hatsi a kasuwar garinmu, kuma an yi mini baftisma tun ina saurayi. Kusan shekara guda ke nan ciniki ya ja baya. Da dare nakan ji an danne ni, ba na iya motsi ko kiran sunan Yesu, wani lokaci kuma in yi mafarki ana ba ni abinci. Na je wani gidan addu'a, mai wurin ya ce matar ƙanin babana ce ta ɗaure ni, ya sayar mini da man zaitun in riƙa yayyafawa a rumfa. Kawuna kuma, wanda bai bar al'adar gidanmu ba, ya kawo mini laya in binne a ƙofar gida. Ina kwana da Littafi Mai Tsarki a buɗe a Zabura 91 ƙarƙashin matashi, amma tsoron bai ragu ba. Ta yaya Kirista zai yi zaman bangaskiya kullum, ya kuma kare kansa daga Shaiɗan?"

Ɗana, salamar Ubangiji ta kasance tare da kai da iyalinka. Abin da kake tambaya, idan na fahimce ka, shi ne inda kariyar mai bi take a lokacin da arziki ya tsaya, barci ya ƙi, kuma kowa yana miƙo masa nasa maganin. Abin da ya fi ɗaukar hankalina a wasiƙarka shi ne an ba ka kariya iri biyu waɗanda a ido suke kamar kishiyoyin juna, ɗaya daga gidan addu'a, ɗaya daga hannun kawu, amma a wurina tushensu guda ne. Dukansu suna cewa akwai wani abu da za ka riƙe, ko ka binne, ko ka yayyafa, wanda zai tsaya tsakaninka da mugunta ko da zuciyarka da cinikinka da gidanka suna nan yadda suke. Sabon Alkawari bai koyar da haka ba, kuma ina ganin wannan ne dalilin da tsoronka bai ragu ba.

Abin da Littafi ya faɗa game da magabcin

Ba zan ce maka babu Shaiɗan ba, domin Yesu kansa ya yi magana a kansa, ya kuma fitar da aljanu a gaban jama'a. Kakanninmu da suka san bori da tsafi da iskoki ba su karɓi bishara don an ce musu waɗannan abubuwa tatsuniya ce ba; sun karɓe ta ne don sun ji labarin wanda ya fi su ƙarfi. Bitrus ya gargaɗi masu bi su natsu, su zauna a faɗake, saboda magabcinsu Iblis yana zagawa kamar zaki mai ruri yana neman wanda zai cinye (1 Bitrus 5:8). Wanda ya yi wasa da wannan gargaɗi ya cuci kansa.

Amma Littafin da ya ce yana nan, shi ne kuma ya nuna iyakarsa. Shaiɗan halitta ne, ba takwaran Allah ba ne. A surori biyu na farkon littafin Ayuba bai iya taɓa ko akuyar Ayuba ba sai da aka ba shi izini, kuma aka ja masa layin da ba zai ƙetare ba. A daren da aka kama Yesu, ya gaya wa Bitrus cewa Shaiɗan ya nemi izini ya sheƙe su kamar alkama, amma shi ya yi masa addu'a domin kada bangaskiyarsa ta kasa (Luka 22:31-32). Bulus kuma ya ce a kan gicciye ne Almasihu ya kwance wa ikoki da mulkoki ɗamara, ya kunyata su a fili (Kolosiyawa 2:15). Saboda haka mai bi ba ya yaƙi domin ya samo nasarar da babu ita, yana tsayawa ne a kan nasarar da aka riga aka ci.

Yanzu ka lura da wuraren da Sabon Alkawari ya ambaci aikin Shaiɗan a cikin almajirai da 'yan ikilisiya, za ka ga da wuya a kai ka maƙabarta ko mararrabar hanya da tsakar dare. Hananiya da Safiratu sun sayar da fili, suka ɓoye wani kashi na kuɗin, suka ce duka ke nan, sai Bitrus ya tambayi Hananiya dalilin da Shaiɗan ya cika zuciyarsa har ya yi wa Ruhu Mai Tsarki ƙarya (Ayyukan Manzanni 5:3). Yahuza shi ne ma'ajin almajirai, ya daɗe yana ɗiba daga jaka kafin a ce Shaiɗan ya shige shi (Yahaya 12:6 da 13:27). Bulus ya ce wa Afisawa kada su bari rana ta faɗi suna cikin fushi, kada su ba Iblis ƙofa (Afisawa 4:26-27), ya kuma roƙi Korantiyawa su yafe wa ɗan'uwan da ya tuba domin kada Shaiɗan ya ci ribarsu (2 Korantiyawa 2:10-11). Kuɗi, ƙarya, riƙo da ƙin yafewa, duk da rana tsaka, a cikin mutane masu zuwa sujada.

Kai da kake sayar da wake ka san wannan fiye da ni. Mutum yakan toshe ramin ɓera, ya sa kwaɗo a ƙofar shago, ya dawo bayan wata biyu ya tarar buhun ya zama gari, domin ƙwarin tun daga gona suka shigo tare da waken. Abin da Yakubu 1:14 yake nufi ke nan da ya ce kowane mutum sha'awarsa ce take jan sa ta yaudare shi. Shaiɗan yana jarraba, amma da abin da ya tarar a ciki yake aiki.

Laya, man zaitun da Zaburar ƙarƙashin matashi

Birnin Afisa ya shahara da sihiri a zamanin Bulus, kuma abin da ya faru a can, a sura ta 19 ta Ayyukan Manzanni, ya amsa rabin tambayarka. Wasu 'ya'ya bakwai na wani babban firist Bayahude sun ga sunan Yesu yana aiki, sai suka ɗauke shi kamar sabon asiri, suka je su fitar da aljani da sunan Yesun da Bulus yake wa'azinsa. Aljanin ya amsa cewa ya san Yesu, ya san Bulus, amma su, su wane ne? Suka fita daga gidan a guje, tsirara, da raunuka. Bayan haka masu bi da yawa suka fito suna furta abin da suke yi a ɓoye, masu sihiri kuma suka tara littattafansu suka ƙone a gaban kowa, aka ƙiyasta kuɗinsu ya kai azurfa 50,000. Ka lura cewa waɗanda suka yi furcin sun riga sun ba da gaskiya, wato suna zuwa taro amma da abin a aljihu. Wannan ba sabon ciwo ba ne a ikilisiya.

Layar kawunka, kada ka binne ta. Maimaitawar Shari'a 18:10-12 ta haramta wa jama'ar Allah duba da sihiri da neman taimakon ruhohi, ba ta bar ƙofa ba. Sai dai ka tuna ƙauna ce ta sa ya kawo maka, da kuɗinsa ya biya, don haka kada ka jefa masa ita a fuska ko ka kira shi matsafi a gaban 'ya'yansa. Ka je ka gaishe shi yadda ɗa yake gaida kawu, ka gode masa da ya damu da kai, ka ce masa ka riga ka miƙa gidanka ga Almasihu kuma ba za ka iya haɗa shi da wani ba. Idan ya karɓi abinsa, to. Idan ya ƙi, ka kai wa dattawan ikilisiyarku.

A wata ikilisiyar ƙauye da na yi hidima, wani manomi ya zo gidana da yammar Lahadi da baƙar leda, a ciki akwai guru da kambu da layu da ya gada daga mahaifinsa. Hannunsa yana rawa, ya ƙi ya kwance bakin ledar da kansa. Wani dattijo ya sa reza ya farke ɗaya a gabansa, muka ga takarda da ta yi baƙi da gumi, da guntun fata, da zare. Muka ƙone su a bayan majami'a, aka yi waƙa, aka yi addu'a. Amma abin da ya tsayar da mutumin a ganina ba wutar ba ce. Dattawan nan sun riƙa zuwa gidansa suna karanta Littafi tare da shi har aka yi girbi, domin Yesu ya yi gargaɗi game da gidan da aka share aka bar shi babu kowa a ciki (Matiyu 12:43-45).

Game da man zaitun, akwai mai a Yakubu 5:14, amma dubi yadda yake: marar lafiya ne yake kiran dattawan ikilisiyarsa, su yi masa addu'a, su shafa masa mai da sunan Ubangiji, kuma aya ta gaba ta ɗora aikin a kan addu'ar bangaskiya da Ubangiji mai tashe shi. Babu farashi, babu kwalbar da ake ɗauka a tafi da ita rumfa. Man da aka sayar maka domin ya kori maƙiya daga buhunan gero laya ce da aka canja wa tufafi. Haka ma Littafin da yake ƙarƙashin matashinka. Zabura 91 magana ce mai daraja, amma ita ce Zaburar da Shaiɗan kansa ya karanto wa Yesu a kan ƙololuwar Haikali, yana so ya mai da alkawarin Allah abin gwaji (Matiyu 4:6). Yesu ya amsa masa sau uku daga Maimaitawar Shari'a, da Maganar da ya sani ya kuma yi biyayya da ita. Tun 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa, kuma waɗanda suka yi wannan wahala sun yi ta ne domin a karanta, a fahimta. Ka ciro shi daga ƙarƙashin matashi ka karanta wa 'ya'yanka.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne maganar matar ƙanin babanka. Mutumin da bai taɓa ganinta ba ya ɗora mata laifin maita ba tare da shaida ko ɗaya ba, alhali Shari'a ta ce ba a tabbatar da magana sai da bakin shaidu biyu ko uku (Maimaitawar Shari'a 19:15). Na ga abin da irin wannan annabci yake haifarwa: tsohuwa ta zauna ita kaɗai ba mai karɓar tuwonta, 'yan'uwa su daina gaisawa a wurin jana'iza, a wasu wurare har a kai ga duka da kora. Wahayin Yahaya 12:10 ya kira Shaiɗan mai ƙarar 'yan'uwa. Idan kana neman sawunsa a cikin labarinka, ni a nan na fi ganinsa, domin ka shiga gidan addu'ar da matsalar ciniki, ka fito da ƙiyayyar wadda take matsayin uwa a gare ka. Kada ka koma wurin.

Dannau, mafarki da ciniki

Abin da kake ji da dare mutanenmu suna kiransa dannau, kuma likitoci sun san shi sarai. Lokacin da mutum yake mafarki, jiki yakan kulle gaɓoɓi domin kada ya aikata abin da yake gani. Wani lokaci hankali yakan farka kafin jikin ya sake, sai mutum ya ga ɗakinsa, ya ji nauyi a ƙirji, ya kasa magana, har ya ga kamar wani yana tsaye a kansa. Yakan wuce cikin daƙiƙoƙi ko 'yan mintoci, kuma ya fi samun wanda barcinsa bai isa ba, da mai yawan damuwa, da mai kwanciya rigingine. Yana samun Kirista da Musulmi da wanda ba shi da addini. Ba na cewa mugun ba zai iya amfani da wannan firgici ba, amma rashin iya buɗe baki a wannan hali ba alama ba ce cewa an fi ƙarfin Yesu. Ubangiji yana jin addu'ar da ba ta fito daga leɓe ba. Cin abinci a mafarki kuwa, babu ayar da ta ce yana ƙazantar da mai bi ko yana ɗaure arzikinsa. Koyarwa ce da ta yaɗu a wuraren addu'a ba tare da tushe a Littafi ba.

Ciniki kuma, kafin ka nemi wanda ya ɗaure shi, ka tambayi maƙwabtanka na layin hatsi yadda nasu yake. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin ɗauko kaya ya hau, mai sayen kwano biyar ya koma sayen ɗaya, kuma farashin hatsi yana hawa da sauka ta yadda wanda ya saya da tsada ya ajiye zai iya tafka asara. Ka zauna da littafin bashi ka lissafa nawa ne a hannun mutane, nawa kake ɗiba daga uwar kuɗi don cefane da biki da gudummawa. Yin lissafi ba rashin bangaskiya ba ne.

Yinin mai bi

Bulus ya rubuta wa mutanen Afisa ɗin nan, waɗanda suka san sihiri ciki da waje, game da makaman Allah (Afisawa 6:10-18), kuma bai ba su ko kalma ɗaya ta asiri ba. Ya ba su gaskiya, da adalci, da shirin kai bisharar salama, da bangaskiya, da ceto, da Maganar Allah, da addu'a a kowane lokaci, ya kuma yi ta maimaita cewa su tsaya. Waɗannan abubuwa ne da ake sawa da safe a fita da su.

A wurinka ɗamarar gaskiya tana rumfa. Kai ka san yadda ake buga gindin mudu ya shige ciki, da yadda ake zuba tsohon wake a ƙasa a rufe da sabo, da rantsuwar da ake yi cewa an sayo a kaza alhali ba haka ba ne. Karin Magana 11:1 ta ce ma'aunin algus abin ƙyama ne ga Ubangiji. Ban ce kana yi ba, amma lokacin da ciniki ya ja baya ne wannan jarraba take ƙarfi, kuma mutumin da ya yayyafa mai a rumfa da safe ya tauye mudu da rana ya buɗe ƙofar da yake zaton ya rufe. Wanda ya auna wa gwauruwa daidai a ranar da shi kansa bai ci riba ba, ya yi tsayayya da Iblis a ma'anar da Yakubu 4:7 take nufi, inda miƙa kai ga Allah ya zo kafin tsayayya.

Ga tsarin da nake ba magidanta, kuma ba shi da wani abin mamaki. Kafin ka fita, ka tara iyali ko na minti goma, ku karanta Littafi a jere, ku fara da Markus, maimakon buɗe duk inda hannu ya faɗa. Ku yi waƙa ɗaya, ku yi Addu'ar Ubangiji a hankali kuna jin abin da kuke faɗa, domin roƙon a cece mu daga Mugun yana cikinta, kusa da roƙon abincin yini da na gafara. Ka riƙe aya ɗaya a ka domin ta taimake ka a kasuwa. Da dare, kafin ka kwanta, ka duba yinin: wa na cuta, wa na yi wa ƙarya, da wa nake fushi? Abin da ya kamata a furta wa Allah ka furta, abin da ya kamata a gyara da mutum ka gyara, musamman da matarka, domin magidancin da kuɗi ya yi wa wuya a gida yake sauke haushinsa. Ka kuma lura da wayarka bayan kowa ya yi barci. A cikin shawarwarin da nake yi da matasa da magidanta a 'yan shekarun nan, cacar ƙwallo da hotunan batsa sun rushe gidaje fiye da duk wani sammu da aka kawo mini labarinsa.

Kada ka yi wannan kai kaɗai. Tsoro yakan sa mutum ya bar majami'arsa, inda aka san shi aka san matarsa, ya riƙa yawo daga wannan mai gani zuwa wancan. Ka koma sujada da Jibin Ubangiji da zumuntar maza, ka sami ɗan'uwa ɗaya mai hankali wanda za ka iya gaya wa gaskiyar halinka. Akwai kuma abin da ya shafe mu musamman a arewa. Bulus ya ce kokawarmu ba da nama da jini ba ce, don haka maƙwabcinka Musulmi da kuke layi ɗaya a kasuwa ba shi ne magabcin ba. Mun sha wuya a rikice-rikice, kuma 'yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, waɗanda yawancin 'yan matan Chibok da aka sace a 2014 'ya'yansu ne, sun fi kowa sanin zafin abin, duk da haka ikilisiyarsu ta ci gaba da koyar da salama da ƙin ramuwa. Zuciyar da ta cika da ƙiyayyar wata al'umma ta ba Iblis ƙofa, ko da tana azumi kowane mako.

Inda sanina ya tsaya

Daga wasiƙa nake amsa maka, ban ga fuskarka ba, ban ji ta bakin matarka ba. Na yarda akwai lokutan da mugun ruhu yake damun mutum kai tsaye, musamman wanda ya taɓa shiga tsafi ko bori da ƙafarsa, kuma na tsaya tare da dattawa a kan irin wannan. Amma ba a yanke hukuncinsa daga nesa, ba a kuma yinsa da duka ko ɗauri ko hana marar lafiya magani. Farfaɗiya, da zazzaɓin da ya hau kai, da taɓin hankali, da shan ƙwaya, duk suna iya kama da aikin aljanu a idon wanda bai sani ba, shi ya sa nake haɗa addu'a da asibiti ba tare da jin kunya ba. Luka da ya rubuta labarin Afisa ɗin nan likita ne.

Ka je wurin faston ikilisiyarku a wannan mako tare da matarka, ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mini, har da layar da man. Idan dannau ya zo, kada ka yi kokawa da shi. Ka ja numfashi a hankali, ka yi addu'a a zuci, ka yi ƙoƙarin motsa yatsa ɗaya, bayan ya sake ka kuma ka juya ka kwanta a gefe. Idan ya yawaita, ko ka fara jin muryoyi da rana, ko ka rasa sha'awar abinci da aiki, ko tunanin hallaka kanka ya zo maka, ka ga likita ba tare da jinkiri ba, kuma akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa ta Kaduna da Kware ta Sakkwato da Maiduguri idan aka tura ka. Matar ƙanin babanka kuwa, idan maganar mai gidan addu'ar ta riga ta kai kunnenta, ka ɗauki dattijo ɗaya daga dangi ku je tare ka ba ta haƙuri.